Biza Daga Gida Take Farawa: Jawabi Kan Fasfo da Takardun Fita Waje

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin wayar da kai ya gabatar a babban taron ƙungiya. Mun buga shi ne domin amfanin 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.)

 

Bayan godiya ga Allah da ya haɗa fuskokinmu lafiya, an ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan takardun fita ƙasashen waje, wato fasfo da biza da abubuwan da suka rataya a kansu. Dalili kuwa shi ne irin koke-koken da ke zuwa wa shugabanni. Wani ya sayar da cittarsa ta shekara guda ya ba ejan kuɗin Umara, ejan ya kashe waya. Wani ɗansa ya gama karatu a waje, an gayyace shi bikin yaye ɗalibai, an hana shi biza bai san dalili ba. Wata kuma har ta sauka a can, an juyo da ita daga filin jirgi. Da muka bi diddigin irin waɗannan matsaloli, sai muka tarar yawancinsu tun daga nan gida suka samo asali, tun kafin mutum ya taka ƙofar ofishin jakadanci. Saboda haka maganarmu ta yau guda ce, biza daga gida take farawa.

JIYA DA YAU

Jama'a, mu ba baƙin tafiya ba ne. Sunan garinmu ma ya isa shaida, domin zango wurin saukar ayari ne. Fataken Hausa sun yi ta kai-da-komo har Gwanja wajen sayen goro, kuma a wancan zamani sunan madugu da na mai masauki su ne takardar mutum, a biya kuɗin fito a bakin kogi, a kai gaisuwa fada, a wuce. Masu niyyar Hajji su bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suna tafe suna sana'a, wani ya shekara biyar, wani goma, wani ma ya zauna can. Garin Mai Wurno da ke Sudan, wanda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan har yau.

Ko a baya-bayan nan ma abin da sauƙi. Sai a 1986 ne Ingila ta sanar da cewa 'yan Nijeriya da Ghana da Indiya da Pakistan da Bangaladash sai da biza za su shiga ƙasarta. To, idan dattijo ya ce a zamaninsu fasfo da tikiti kawai mutum ke ɗauka ya tafi Landan, gaskiya ya faɗa. Sai dai wancan zamani ya wuce. Yau kwamfuta ce ke tsaron iyaka, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba, abin da aka rubuta kawai ta sani.

FASFO DABAN, BIZA DABAN

Da yawa daga cikinmu kan haɗa su biyun, alhali kowanne da matsayinsa. Fasfo takarda ce da ƙasarka ke ba ka, tana shaida wa duniya cewa kai ɗanta ne. Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ke bayar da shi, kuma haƙƙinka ne. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin fita da shigowa, kuma a 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar lauya Olisa Agbakoba, wanda jami'an tsaro suka ƙwace wa fasfo a filin jirgin Legas a 1992, cewa riƙe fasfo yana cikin wannan 'yanci.

Biza kuwa izini ne daga masu ƙasa, alfarma ce, in sun ga dama su bayar, in sun ga dama su hana, kuma kuɗin da ka biya ba ya dawowa. Bugu da ƙari, ko an buga maka biza, jami'in da ke filin jirgin can yana da ikon ya ce ba za ka shiga ba. A watan Nuwamba na 2023 wani jirgi ya tashi daga Legas, ya bi ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu gaba ɗaya. Bayan an sa baki aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya yi shi ne, an ba da bayanan da ba daidai ba wajen samun wani nau'in biza da bai dace da su ba.

Akwai inda ba ma bukatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna har kwana 90, muddin suna da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Wato mai zuwa Kumasi ko Kwatano ko Dakar wajen ziyarar Kaulaha, fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS ta ishe shi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, amma a lokacin ECOWAS ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da barin zirga-zirga ba biza har sai an sake shawara. Duk da haka, mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ya daina cewa ai gida ne, ya riƙe takardarsa a aljihu.

TAKARDUN GIDA, INDA ƊAKI KE YOYO

A nan za mu ɗan daɗe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 2007 Nijeriya ta koma fasfo mai ɗauke da hoton yatsu, daga baya kuma aka ɗaure shi da lambar NIN. A Janairun 2024 aka mayar da neman fasfo ta intanet, inda mutum ke ɗora takardunsa da kansa kafin ya je ofis, a Kaduna ko Jos ko Abuja, a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Daga 1 ga Satumba 2025 aka mayar da kuɗin mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000. Manyan takardun da sabon mai nema ke bukata uku ne: NIN, takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kowace ɗaya akwai inda take kama mu.

Na farko, suna. Mu mutane ne masu yalwar suna. Yaro sunan yanka Muhammadu, a gida Mamman ko Ɗanjuma, a firamare malami ya rubuta masa Mohammed Zango, a sakandare ya zama Muhammad Sani Idris, a banki kuma M. S. Idrisu. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. A wajen kwamfuta mutum huɗu ne. Idan sunan da ke NIN ya saɓa da wanda aka cike a fom ko da harafi ɗaya, aiki ya tsaya, sai an koma an gyara, gyaran kuwa da kuɗi da ɓata lokaci. Idan kuma fasfo na cewa Idris, takardar banki na cewa Idrisu, takardar wurin aiki na cewa Zango, jami'in biza ba zai kira ka ka yi masa tarihin gidanku ba, ajiye takardun zai yi.

Iyayenmu mata su saurara da kyau. A watan Satumba na 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu, har Nijeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda suke tare da mazajensu, amma sunan da ke fasfonsu na mahaifi ne, babu abin da ya haɗa shi da na miji. Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami a 2021 da 2022, amma darasin yana nan. Mace ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta daidai ne, sai dai ta mallaki takardar shaidar aure, domin ranar da za a ce ta nuna alaƙarta da maigida ko da 'ya'yanta.

Na biyu, ranar haihuwa. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora wannan aiki a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Waɗanda aka haifa kafin nan sukan yi rantsuwar shekaru a kotu, su kai wa hukumar ta ba su takardar tabbatarwa. Matsalar ita ce wasunmu rantsuwa uku gare su, ɗaya ta shiga makaranta, ɗaya ta ɗaukar aiki inda aka rage shekara huɗu, ɗaya ta fasfo. Ban da kasancewar rantsuwa a kan ƙarya zunubi ce kuma laifi a doka, ranar da takardun nan suka haɗu a tebur guda, su da kansu za su ba da shaida a kanka. A zaɓi ta gaskiya a tsaya a kanta.

Mun sani gidaje da dama sun yi asarar takardunsu a rikicin 1992 da waɗanda suka biyo baya, takardun makaranta, na aure, na fili, duk wuta ta cinye. Hanyar maye gurbinsu sananniya ce: rahoton 'yan sanda, rantsuwar ɓatan takarda a kotu, sannan a koma wa hukumar da ta bayar tun farko. Abin da muke roƙo shi ne a yi wannan tun babu tafiya a gaba. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Na uku, takardar ƙaramar hukuma. Wannan takan faro daga mai unguwa, zuwa dagaci da hakimi, sannan sakatariya, mu tamu tana Zonkwa, 'yan'uwanmu na Jama'a kuma Kafanchan. Batun wane ne ɗan asali, wane ne baƙo, tsohuwar muhawara ce a Nijeriya, kuma kowa a ɗakin nan ya san yadda ta taɓa mu. Saboda gudun jeka-ka-dawo, sai wasu matasanmu su tafi wata ƙaramar hukuma a Kano ko Katsina ko Zariya, inda ko kakansu bai taɓa kwana ba, su biya wani ɗan kamasho ya yanko masu takarda. Jama'a, wannan hasara biyu ce. Ta farko, takardar za ta saɓa da abin da ke NIN da takardun makaranta. Ta biyu kuwa ta fi ciwo, domin da hannunka ka rubuta wa gwamnati cewa kai ba ɗan Zango ba ne, kuma abin da ka rubuta shi 'ya'yanka za su gada. Wanda iyayensa da kakanninsa a nan aka binne cibiyarsu, ya nemi takardarsa a nan, cikin ladabi da bin ƙa'ida. In an samu jinkiri ya kawo wa ƙungiya, a bi masa a rubuce. Wanda kuma asalinsa can ne da gaske, ya je can ya karɓa, babu laifi.

ABIN DA JAMI'IN BIZA KE NEMA

Idan fasfo ya fito, sai maganar biza. Fom ɗin kowace ƙasa daban ne, amma tambayoyin da ke zuciyar jami'in guda huɗu ne: Wane ne kai? Me za ka je yi? Wa zai biya? Za ka dawo? Ta ƙarshen nan ita ce uwa. Dokar shige da fice ta Amurka, a sashen da ake kira 214(b), ta ma ɗauka cewa duk mai neman bizar ziyara zama zai je yi, sai in ya tabbatar da akasin haka. Sauran ƙasashe ko ba su rubuta haka ba, da wannan ido suke duba mu.

Mutumin Zango yana da abin da zai dawo dominsa, ga iyali, ga gona, ga rumfa a kasuwa, ga tsofaffi. Inda muke faɗuwa shi ne babu ko ɗaya a takarda. Ɗan kasuwa na juya miliyoyi a hatsi ko citta ko shanu, amma kuɗin a aljihun 'yar-shara suke kwana, asusunsa na banki fayau. Sai tafiya ta taso ya ranto kuɗi wajen abokai ya zuba gaba ɗaya mako guda kafin ya kai takardu. Su kuwa galibi bayanin asusu na wata shida suke dubawa, kuma abin da suke karantawa shi ne shiga da fitar kuɗi. Asusun da ya yi wata biyar yana barci, ya farka da miliyan goma rana ɗaya, ya riga ya tona kansa. Ƙaramin asusu mai motsi kullum ya fi shi daraja a wajensu.

Saboda haka ɗan kasuwa ya riƙa bi da cinikinsa ta banki, ya yi wa sana'arsa rajista da hukumar rajistar kamfanoni, ya adana rasiɗai. Manomi, wanda kuɗinsa sau ɗaya ko biyu ke shigowa a shekara, ya sa kuɗin kaka a asusu, ya haɗa da 'yar wasiƙa mai bayanin cewa wannan kuɗin amfanin gona ne da aka sayar a wata kaza. Ma'aikaci ya kawo takardar hutu daga ofishinsa da takardun albashi. Mai gida ko fili ya nemi takardar mallaka daga hukumar KADGIS. Idan wani ne zai ɗauki nauyin tafiyar, a faɗi haka ƙarara, a kawo wasiƙar gayyatarsa da shaidar zamansa a can da ta samunsa.

Sai ƙananan sharuɗɗa da kan kayar da mutum a bakin gaɓa. Saudiyya da ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, suna neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuma ba sa barin baƙo ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗin bizarsu ya koma Yuro 90 a Yunin 2024, na Amurka Dala 185 a 2023, na Ingila na wata shida Fam 127 a Afrilun 2025. A lissafa wannan da Naira, a tuna ba a mayarwa, sannan a ga ko ya kamata mutum ya kai takardun da shi kansa ya san ba su cika ba. Kada kuma a yanki tikiti tukuna sai biza ta fito.

Katin rigakafi ma ba abin wasa ba ne. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shaidarta ta har abada ce. Saudiyya na neman ta sanƙarau. Dattawa za su tuna 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, aka hana maniyyatan Nijeriya zuwa Hajji. Masu sayen kati a bakin filin jirgi ba tare da an yi masu allura ba, kansu suke cuta.

EJAN DA RAMIN ƘARYA

Ba mu ce duk ejan macuci ne ba, akwai masu amana, kuma Umara dai ta hannun kamfani yawancinmu ke zuwa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da takardunsa ba su cika ba shi ne abincin 'yan cuwa-cuwa. Za su ce kawo kuɗi kawai Alhaji, mu za mu haɗa komai. Abin da za su haɗa kuwa shi ne takardar banki ta jabu, da wasiƙar kamfanin da ba ka taɓa yi wa aiki ba, wani lokaci har da matar da ba ka aura ba.

To a sani, hana biza iri biyu ne. Wanda aka hana saboda hujjarsa ba ta gamsar ba, yana iya gyarawa ya sake nema. Wanda aka kama da takardar jabu ko bayanin ƙarya kuwa, Ingila na iya rufe masa ƙofa har shekara 10, a dokar Amurka ma haramcin na iya zama na har abada. Cewa ejan ne ya cike ba ta fid da kai, tunda kai ka sa hannu, kuma yatsunka aka ɗauka. Canza suna da sabon fasfo ba ya ɓad da yatsa. Haka nan idan fom ya tambaya ko an taɓa hana ka biza, ka ce e, domin sun riga sun sani, gwada ka suke yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Don haka kafin a ba kamfani kuɗin Hajji ko Umara, a tabbatar yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006. A biya ta asusun kamfani, a karɓi rasiɗi. A sa wani ɗa ko ƙane mai ilmi ya karanta maka fom layi-layi kafin a aika. A duba wace irin biza aka buga, ta Umara ce, ta ziyara ce, ko ta wucewa. Duk wanda kuma ya ce maka yana da mutum a ciki, biza tabbas ce, riƙe kuɗinka.

BIZAR ZIYARA TANA DA IYAKA

Bizar ziyara ta ziyara ce, ba a aiki da ita, ba a zama da ita, ba a kuma Hajji da ita. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, yawanci saboda tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti, ba su da mota, a rana suka yi ta tafiya. A 2025 aka sanar da tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama yana shirin Hajji ba izini, da kora da hana shiga na shekara 10. Wanda ya ce zai shigar da kai da bizar ziyara ka laɓe har Arfa, da ranka yake ciniki.

Zaman takari kuma mun san shi, mun san yadda yake ƙarewa: ɓuya, ba igama, ba asibiti, 'ya'ya ba makaranta, ƙarshe a kwana a tarhil a dawo da mutum da leda a hannu. Muna jan kunnen iyaye musamman a kan masu zuwa neman 'yan mata da zawarawa da sunan za a kai su aikatau, a fitar da su da bizar ziyara, a can a karɓe fasfonsu. Wannan fataucin mutane ne, kuma akwai hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 domin irinsa. A kai rahoto.

A lura kuma da bambanci tsakanin wa'adin biza da kwanakin da aka yarda ka zauna. Biza na iya zama ta shekara guda ko biyu, amma zaman kowace shiga yana da iyakarsa. A karanta abin da aka rubuta da hatimin da aka buga, a fito kafin ranar. A filin jirgi kuma kada a karɓi saƙon kowa, kada a bari a liƙa sunanka a jakar da ba taka ba. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da aka sa wa sunanta ba, sai a 2019 aka sake ta bayan an gano ba ta da laifi.

Wake ɗaya ke ɓata gari. Daular Larabawa, wato su Dubai, ta rufe wa 'yan Nijeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024. Amurka a Yulin 2025 ta rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, a Disambar 2025 kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta dakatar wa sabuwar bizar ziyara da ta karatu daga farkon 2026, kuma cikin dalilan da ta kawo akwai masu wuce wa'adi. Ƙa'idojin nan suna sauyawa kamar iskar damina, saboda haka a nemi sabon bayani daga shafin ofishin jakadancin ƙasar kafin a fitar da ko kwabo. Abin da ba ya sauyawa shi ne, duk wanda ya je ya ƙi dawowa, ya ƙara wa na baya nauyi, wanda kuma ya je ya dawo a kan lokaci, ya sauƙaƙa wa kansa tafiya ta gaba.

SHAWARWARINMU GA ƘUNGIYA

Daga ƙarshe, kwamiti na gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka:

1. Kowane magidanci ya yi wa jaririnsa rajistar haihuwa kafin a gama wankan jego, da cikakken suna guda wanda za a kai makaranta da shi, a yi NIN da shi.

2. Kowane gida ya zauna ya baje takardun mutanensa, NIN, banki, makaranta, aure, a gwada su da juna, a gyara saɓani tun yanzu.

3. A ɗauki hoton kowace takarda a adana a waya da imel, a kuma ajiye kwafi wajen ɗan'uwa a wani gari. Abin da ya same mu a baya ya isa ya koya mana wannan.

4. Limamai da waliyyai su riƙa tabbatar da an rubuta takardar aure ranar ɗaurin aure.

5. Kowane reshe ya ware mutum biyu ko uku cikin matasanmu masu ilmi da ma'aikata masu ritaya, su riƙa duba wa jama'a fom kyauta, su bincika lasisin kamfani kafin a biya.

6. Ƙungiya ta riƙa bin batun takardar ƙaramar hukuma a rubuce, ta hannun hakimai da zaɓaɓɓun wakilai, cikin lumana da mutunta maƙwabta.

Jama'a, tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma babu mai hana ɗan Zango ganin duniya kamar yadda kakanninsa suka gani. Su guzurinsu jaki da tufafi da amana, mu namu ya ƙaru da takarda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya kira waɗanda ba su je ɗakinsa ba, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya.